Buhu tara da suka ɓace a cikin waya

Maganar ta tashi ne a zauren Kawu bayan la'asar, ranar da aka zauna lissafin shansherar da ta shigo sito. Wani manomi daga ƙauyen tsallaken kogi ya zo da kansa a kan mashin, ransa a ɓace, don an aika masa cewa har yanzu ana bin sa buhu uku na bashin taki. Ya rantse ya kai wa Malam, wakilinmu mai karɓar biya, su tun makon jiya, a gabansa aka auna, a gabansa Malam ya danna waya. Kawu ya buɗe manhajar da muke lissafin bashi da ita ya juyo mini da allon. Sunan mutumin na nan, buhu uku na nan a kansa, ko mudu ba a rage ba. Kafin magariba wasu mutum biyu sun bugo da irin wannan kuka. Jimla buhu tara, kuma duk ta hannun Malam suka bi.

Ni na rubuta manhajar, shi ya sa kowa a zauren yake satar kallona. Ƙungiyarmu ta manoman shinkafa ce a yankin Auyo, cikin kwarin Haɗeja. Da an shiga noman rani ake ba 'yan ƙungiya taki da iri da maganin feshi bashi, in an yi girbi su biya da shanshera. Da can a littafi ake rubutawa. Da na gama karatu na dawo gida, Kawu, wanda shi ne ma'aji, ya ce to ga ranar karatun naka. Na yi ta da Flutter, kayan aikin nan na Google da ake rubutawa da yaren Dart, saboda wakilanmu shida duk Android gare su, amma Alhaji shugaban ƙungiya iPhone yake riƙewa, kuma rabin watansa a Kano yake yi. Da rubutu ɗaya sai ka samu manhaja a wayoyin biyu. Na tsara ta yadda wakili zai shigar da biya ko babu sabis, ta ajiye a cikin waya, in ya fito inda ake samun intanet ta tura wa saba, wato kwamfutar da ke tara lissafin kowa a wuri ɗaya.

Malam kuwa aminin mahaifina ne, a hannunsa na yi karatun allo. Ba wanda ya buɗe baki ya ce ya ci, amma na ji wani a bakin masallaci yana cewa ai ruwa ba ya tsami banza. Ƙidayar sito ma ba za ta wanke shi ba, don a-kori-kura ɗaya ce ke zagaya ƙauyuka tana kwasa, ana sake shanya shansherar a sake ɗura ta, buhu goma kan koma tara da ɗoriya, ga shi an riga an sayar wa 'yan kasuwa da wani kaso.

Washegari na goya kwamfutata na tafi wurinsa. Ya miƙo mini wayar da hannu biyu kamar mai miƙa amana, ya ce, "Ɗana, wallahi na danna, har koren nan ya nuna mini." Na duba jerin biyan wannan kakar, babu ko ɗaya daga cikin ukun. Na shiga saitin wayar na danna lambar siga sau bakwai don ƙofar masu haɗa manhaja ta buɗe, na jona kebul, na kunna adb logcat, wanda ke nuna saƙonnin da manhajojin waya ke fitarwa. Abin da na gani duk na safiyar ranar ne. Ma'ajiyar logcat ƙarama ce, sabon layi na ture tsoho, in an kashe waya kuma ta share. Layukan print da na barbaza a cikin rubutuna can suke zuwa, wato sun yi maganarsu kwana bakwai da suka wuce ba kowa a wurin. Na zauna a kan tabarmarsa ba ni da abin cewa. Da zan tafi ya raka ni har bakin hanya, ya ce in ya kama ya biya zai sayar da tunkiya ya biya. Wannan maganar ce ta hana ni barci.

Kawu ya so a koma littafi a ranar. Na roƙe shi ya ba ni mako biyu, ba don in gyara ba, tunda ban san me ya lalace ba, sai don in sa wa manhajar rajista, abin da masu wannan sana'a ke kira log. Wato duk abin da ta yi ta rubuta shi a cikin fayil, layi bayan layi, ya zauna a wayar har sai na nema. Ya ce, "Kai dai yaron nan, mako biyu. In aka sake, ka kawo mini biro."

A shagon wani abokina a Haɗeja na yi aikin, don yana da sola kuma sabis ɗin wurin ba ya wasa. Da farko na yi tunanin Crashlytics na Firebase ko Sentry, waɗanda ke aika rahoto ta intanet in manhaja ta faɗi ko ta ci karo da kuskure. Amma tawa ba faɗuwa ta yi ba. Lafiya lau ta nuna kore ta yi shiru, a wurinta ba abin da ya faru. Abin da nake buƙata shi ne labarin kwana da kwanaki na zaman lafiya, in bi shi da ido in ga inda aka kauce. Sai na shiga pub.dev, inda ake samun laburaren Dart da Flutter, wato shiryayyun kayan aiki da ake jonawa a manhaja. Biyu ne suka fi fitowa, sunansu ma kamar tagwaye, logger da logging.

Na fara da logger saboda kyansa. Kowane saƙo yana fitowa a cikin akwati mai layi, da launi, da 'yar alama a gefe. Na ji daɗi, na haɗa sigar rabawa na zuba a wayata, sai tsit. Ashe matatarsa ta asali a sigar gwaji kaɗai take barin saƙo ya wuce. Ana iya sauya ta, har yana da hanyar rubutawa a fayil, amma na lura akwatunan nan layi biyar ko shida suke ci a kan magana ɗaya, ni kuma fayil nake so wanda zan karanta a allon waya da dare. Na cire shi na koma logging, wanda masu yaren Dart da kansu ke kula da shi. Umarni ɗaya ne, flutter pub add logging, ya shiga cikin pubspec.yaml.

Nan ma na sha mamaki. Na rubuta saƙon farko, na kunna, ba abin da ya fito. Na sake dubawa, na sake kunnawa, kusan rabin awa ina zargin kaina. Sai da na koma na karanta bayaninsa a natse na gane. Shi wannan laburaren kamar sanƙira yake, aikinsa shela kawai. In ba ka zaunar da magatakarda ya saurara ya rubuta ba, shelar iska ke kwashe ta. Magatakardan shi ne ɗan aikin da kake rataya wa Logger.root.onRecord, duk saƙon da aka yi sai ya iso gare shi da lokacinsa, da matakinsa, da sunan sashen da ya yi maganar, da kuskuren in akwai, da sawun inda kuskuren ya biyo. Kai za ka yanke yadda layin zai kasance da inda za a ajiye shi. Daga baya na ga wannan ne alfanunsa, amma a daren nan haushi ya ba ni.

Matakan nauyin saƙo takwas ne, daga FINEST mai lamba 300 har SHOUT mai 1200, in ba ka taɓa komai ba kuma daga INFO mai 800 zuwa sama yake bari su wuce. Huɗu na ɗauka. FINE na ƙananan motsi, INFO na abin da ya faru yadda ake so, WARNING na abin da bai yi daidai ba amma an wuce, SEVERE na inda aka tsaya cik. Na raba masu magana uku na ba su suna da Hausa, biya da tura da rumbu, na ƙara farawa don tashin manhaja. Da na so in buɗe wa tura baki shi kaɗai har zuwa FINE sai laburaren ya jefo mini kuskure, ya ce sai na kunna hierarchicalLoggingEnabled tukuna. Layi ɗaya ne, na sa na wuce.

Wurin ajiye fayil shi ne inda bambancin Android da iPhone ke fitowa, don kowace da inda take ba manhaja ɗaki. Laburaren path_provider ke raba gardamar. Ka kira getApplicationSupportDirectory ya ba ka foldar da ta dace a kowace waya, ba sai ka nemi izinin mai waya ba. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne kada ka haddace hanyar foldar ka ajiye ta a wani wuri, musamman a iPhone, don adireshin ɗakin manhaja kan sauya bayan sabuntawa. Kullum in manhaja ta tashi ka sake tambaya.

Inda na fi daɗewa shi ne wani gwaji da na yi don na san halin wayoyinmu. Na shigar da biya na ƙarya guda uku, nan take na kashe manhajar da ƙarfi, na sake buɗewa na duba fayil. Layukan ƙarshe babu su. Na yi amfani da openWrite ne, shi kuma yakan tara rubutu ya riƙe kafin ya sauke, in an kashe shi kafin ya sauke sun tafi. To layukan ƙarshe kafin mutuwa ai su ne ake nema, kamar a ce shaida ya ga komai sai lokacin da aka zare wuƙa ya juya baya. Kuma a ƙauye waya ba ta sallama kafin ta mutu, caji ne ke ƙarewa a tsakiyar aiki, ko mai tsimin batir ya kashe manhajar a bayan fage. Sai na raba. Duk layin da ya shafi biya, da duk wanda ya kai WARNING, ana rubuta shi nan take da writeAsStringSync, a ƙara shi a ƙarshen fayil, a tilasta masa sauka kan ma'ajiya da flush kafin a ci gaba. Ƙananan kuwa su taru su sauka tare. Masana za su ce rubutu irin wannan yana iya sa allo ya ɗan daskare, gaskiyarsu ne, amma wakilinmu bai fi ya shigar da biya talatin a yini ba. Na gwada a tsohuwar wayar ƙanena ban ga ko gezau ba.

Sai girman fayil. Wayar kowane wakili cike take maƙil da bidiyon wa'azi da na biki, kullum tana kukan ba wuri. Na ce in fayil ya kai kilobayit 500 a sauya masa suna a buɗe sabo, a riƙe uku kawai, na huɗu ya ture na fari. Na kuma jona ƙofofi biyu da kurakuran da ba a tare ba ke fita ta cikinsu, FlutterError.onError na abin da ya shafi zanen allo, da PlatformDispatcher.instance.onError na sauran, wanda tun Flutter 3.3 a 2022 ake amfani da shi a madadin tsohuwar hanya. Duk su zuba a SEVERE.

Wannan duk aikin yini biyu ne. Abin da ya ci mini kwana huɗu shi ne yanke me za a rubuta. Karon farko na cika surutu, kowane danna maɓalli da layinsa, na buɗe fayil na kasa ganin komai saboda yawa. Na goge fiye da rabi. Dabarar da ta fisshe ni ita ce na riƙa tuna zamana a kan tabarmar Malam, ina tambayar kaina me na so sani a lokacin. Wace siga ce a wayar, wace irin waya ce. An shigar da biyan, an ajiye shi a rumbu ko an kasa. Da aka zo turawa guda nawa aka tarar suna jira, nawa aka tura, me saba ta amsa. Kowace tambaya ta zama layi. Da Hausa na rubuta saƙonnin, don ni zan karanta, kuma na yi tunanin wata rana zan iya karanta wa Kawu.

A ƙarshe na sa maɓalli a shafin saiti mai suna "Aika wa mai gyara", da share_plus, wanda ke buɗe jerin manhajojin waya mutum ya zaɓi WhatsApp. Ta iPhone sai da na shiga motar Kano, don ba a haɗa ta sai da Mac mai Xcode, ni kuma ba ni da shi, na wani abokin karatu nake ara. Ta TestFlight, hanyar Apple ta raba manhajar gwaji, muke sa wa Alhaji, a ƙarƙashin rajistar Apple ta dala 99 a shekara da yake biya yana mita. Rubutun rajistar bai buƙaci sauyin ko harafi ɗaya ba, ya yi aiki yadda ya yi a Android.

Wakilai kuwa fayil ɗin APK, wanda ake sa manhaja a Android da shi, na bi su da shi ɗaya bayan ɗaya. Na ja musu kunne kada kowa ya cire tsohuwar kafin ya sa sabuwa, a ɗora ta a kai kawai, tunda da makulli ɗaya na sa wa duka biyun hannu kuma na ƙara lambar siga. A wurin Malam na tarar wayar tana hannun yaron mai caji, tana ta cewa ba wuri, shi kuma yatsansa na kan alamar manhajar yana shirin cire ta don ya samar da fili. Na ce masa bari, goge bidiyo biyu. A lokacin ban san abin da na tsare ba.

Kwana uku da rabawa na yi abin kunya. Na ce wa ƙaramin wakilinmu ya gwada maɓallin, shi kuma da WhatsApp ya buɗe sai ya danna zauren ƙungiya maimakon sunana, don shi ne a sama. Fayil ya faɗa gaban mutum sama da ɗari. Na buɗe da sauri, sai ga sunayen mutane ɓaro-ɓaro, wane ɗan wane, lambar wayarsa, buhu kaza a kansa. Ni na rubuta layin haka da hannuna don ya yi mini sauƙin karatu. A ciki har da wani dattijo da ba wanda ya san yana cin bashin taki, iyalinsa ma ban tabbata sun sani ba. Na buga wa yaron ina ihu ya goge wa kowa, ya goge cikin minti biyu. Allah ya rufa asiri, yawancin mutanen suna gona, waɗanda suka gani kuma ba su san me ake buɗe irin fayil ɗin da shi ba. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2023, na san da ita, amma ba ita ta fara faɗo mini a rai ba. Fuskar dattijon nan ce a sahun gaba na masallaci. A daren na cire suna da lambar waya daga kowane layi. Ya rage haruffa huɗu na farkon lambar shaidar shigarwa da adadin buhu, in ina son sanin mai shi sai na duba a saba. Na sake zagaya wakilai shida da mashin, man da na ƙona ni na biya.

Daga nan sai jira, kuma jira mai ɗaci, don abin da nake jira shi ne a sake ɓatar da kayan wani. A kwana na goma sha ɗaya ya faru. Buhu biyu, kuma ta hannun Malam. Kawu ya kira ni bai ko amsa gaisuwa ba. Na buga wa Malam na ce, "Baba Malam, don Allah a shiga saiti a danna maɓallin nan da na nuna, a zaɓi sunana." Ya ce sai ya hau tudun bayan firamare, nan ne ake samun sabis. Bayan isha fayil ya shigo.

Na kwanta a tsakar gida saboda zafi, ina ja da yatsa. Kwanakin farko komai daidai, an ajiye, masu jira huɗu, an tura huɗu. Sai na iso wurin da aka jera haka:

INFO farawa: manhaja ta tashi
INFO biya: an ajiye 9c41, buhu 2
INFO farawa: manhaja ta tashi
INFO tura: masu jira 0, an tura 0

Abu na farko da na gani ya sa na tashi zaune. An ajiye. Malam ya danna, manhaja ta karɓa ta rubuta a rumbunta. Amma da aka zo turawa sai ta ce ba kowa a layi. Na yi ta kallon layukan huɗu ina neman inda buhu biyu suka zame. Saƙonnin nake karantawa, ban kula da kwanan watan da ke gefen hagu ba, don ido ya saba tsallake shi. Da na kula sai na ga layuka biyun farko suna ɗauke da wata shekara ta can baya, shekara huɗu da suka wuce, biyun ƙarshe kuma sun dawo ranar da muke ciki. Da a ce na jera layukan bisa lokaci kamar yadda na so yi da farko, da waɗannan biyun sun nutse can ƙasa ban gan su ba. Abin da ya taimake ni shi ne fayil ɗin a ƙarshensa kaɗai ake ƙari, ko agogo ya yi ƙarya jerin layi ba ya yi.

Na sake bugawa ban damu da dare ba. "Baba, ana cire batirin wayar nan?" Ya yi dariya ya ce, "Ai biyu gare ni, ɗana. Ɗaya na wurin mai caji, ɗaya na ciki. In wannan ya mutu sai in musanya." Wayarsa irin ta da ce mai buɗaɗɗen baya. In an zare batir ya ɗan jima a waje, agogonta sai ya manta ya koma wata tsohuwar rana. A gari ba a lura, don da ta kama sabis take gyara kanta. A ƙauyensa kuwa sai ta yini da agogon ƙarya, duk biyan da ya shigar a wannan tsakani da tsohuwar shekara ake buga masa hatimi. In ya hau tudu sabis ya zo, agogo ya dawo daidai, sai manhajata ta tambayi rumbu ya ba ta duk abin da aka shigar bayan turawar ƙarshe. Na shekara huɗu baya ai ba bayan turawar ƙarshe yake ba. Jerin da ke allo shi ma na wannan kakar kaɗai yake nunawa, bisa kwanan wata, shi ya sa ranar da na je ban ga komai ba. Ni na rubuta tambayoyin biyu, na jingina lissafin dukiyar mutane a kan agogon waya ba tare da na taɓa tambayar kaina ko agogon na iya ƙarya ba.

Sannan wani abu ya faɗo mini wanda ya sa gabana ya faɗi. In haka ne, buhu taran farko suna nan kwance a rumbun wayar Malam. Rumbun da yaron mai caji ya kusa sharewa da yatsa ɗaya.

Gyaran bai kai awa biyu ba. Na daina tambayar lokaci. Kowace shigarwa na ba ta alama, an tura ko ba a tura ba, ba a sauya alamar sai saba ta amsa ta ambaci lambar shaidarta. Tsofaffin duka na mai da su ba a tura ba, saba kuma in ta ga lambar da ta riga ta sani sai ta ƙyale, don kada a rage wa mutum bashi sau biyu. Na ƙara layin WARNING da ke fitowa in manhaja ta tashi ta tarar lokacin yanzu ya gaza na ƙarshe da ta sani, da ɗan jan rubutu a allo mai cewa a duba agogo.

Da sassafe na isa wurin Malam. Muka hau tudun tare, shi da carbinsa ni da waya, na ɗora sabuwar siga, muka tsaya ƙarƙashin dalbejiya muna jiran sandunan sabis su cika. Na danna tura. Na buɗe fayil na karanta masa layin ƙarshe da ƙarfi: masu jira da yawa, an tura duka, sababbi a wurin saba huɗu. Uku na farko da na jiya, buhu goma sha ɗaya cif. Bai ce komai ba sai hamdala, ya shafa fuska, can ya ce, "Ashe agogo ne."

Na ce ba agogo ba ne, Baba, ni ne. Ya ce to ka gyara ai.

Kawu na same shi a bakin sito ana ɗinke buhuna. Na nuna masa sunayen huɗu, bashinsu ya sauka. Ya ce ta yaya. Na buɗe fayil ɗin na karanta masa layukan nan huɗu da Hausarsu, na nuna masa shekarar da ta koma baya. Bai san me INFO ke nufi ba, bai kuma tambaya ba, amma "an ajiye" da "masu jira sifili" ba su buƙatar tafinta. Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya shiga gida ya sauya riga, ya aiki yaro ya sayo goro, ya ce in tayar da mashin. A hanya bai yi mini magana ba sai sau ɗaya, da muka kusa kogi, ya ce ranar Juma'a bayan an sauko ni zan tashi in yi wa mutane bayani da bakina, a wurin da aka yi waccan maganar. Na tashi na yi, ƙafafuna na rawa.

Malam bai bar wakilci ba, amma yanzu da ƙaramin littafi a aljihun gaban rigarsa, sai ya rubuta da ajami kafin ya danna waya, ban kuma ce masa komai ba. Duk Juma'a wakilai shida ke turo mini fayil, na sa sunana a saman WhatsApp ɗin kowannensu da hannuna. Biyar daga ciki minti biyu nake yi a kansu. Na Malam kuwa kusan kowane mako sai na ga layin nan sau biyu ko uku, WARNING farawa: agogo ya koma baya, in na ɗan ja ƙasa in tarar da masu jira uku, an tura uku. Na makon jiya ya zo da wani sabon SEVERE daga rumbu wanda ban taɓa gani ba, yana cewa ba wuri a ma'ajiya, ga shi manhajar Alhaji a TestFlight kwana 90 take yi ta mutu kuma saura tara. Ranar Litinin zan fara biyawa ta wurin Malam mu rage bidiyo, daga can in nemi motar Kano.